Jan Kirefish da Kwaɗin Kududdufi: Tambayoyi da Amsoshi

A Sifaniya da Fotugal da Italiya akwai dubban ƙananan kududdufai da ruwan sama ke cikawa daga Oktoba ko Nuwamba, su riƙe ruwa har bazarar can, sannan su ƙafe ƙarƙaf idan zafi ya shigo. A cikinsu ne yawancin kwaɗin yankin da danginsu ke hayayyafa. Daga 1973 wata dabbar ruwa da aka kawo daga Amurka ta fara shiga waɗannan wurare, ta sauya musu kama. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wannan kirefish ɗin shi ne wanda ake dakawa a zuba a miya?

A'a, suna ne kawai ya zo ɗaya. Abin da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya da wannan suna ƙananan jatan lande ne da ake kamowa a bakin teku da bakin kogunan kudu, a kyafe su ko a shanya. Wanda ake magana a nan dabbar ruwan daɗi ce, kamanninta tsakanin jatan lande da ƙaguwa: dogon jiki mai ɓawo, ƙafafu goma, biyun gaba manya masu kama da awartaki. Babba yakan kai santimita 10 zuwa 12, launinsa ja mai duhu. Ƙanana kuwa launin ƙasa gare su, shi ya sa ba a cika lura da su ba sai sun yi yawa. Masana na kiransa Procambarus clarkii. Gidansa na asali fadamun jihar Luwiziyana ne da sauran kudancin ƙasar Amurka zuwa arewa maso gabashin Meziko, inda abinci ne da ake ji da shi, har ana kiwonsa a gonakin shinkafa.

Nahiyar Afirka, in aka cire tsibirin Madagaska, ba ta da kirefish na asali ko ɗaya. Duk inda aka gan shi a kogi ko tafkin Afirka, mutum ne ya kai shi.

Ta yaya ya isa Turai?

Da gangan aka kai shi. A 1973 aka sauke kashin farko a lardin Badahos na Sifaniya, a 1974 aka zuba wani a fadamun shinkafa na ƙasan kogin Gwadalkibir, kudu da birnin Sebiya. Manufar ita ce a samar wa masunta da manoman wurin wata hanyar samun kuɗi. An kuwa samu. Da aka ga yana da kasuwa, sai mutane suka riƙa ɗibarsa a bokiti suna zubawa a madatsu da koramu na garuruwansu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya shiga Fotugal, a 1989 aka fara ganinsa a ruwan arewacin Italiya.

Can gabas ma labarin ɗaya ne. A 1927 aka kai shi Japan don ya zama abincin manyan kwaɗin Amurka da ake kiwo, daga nan ya tsallaka ƙasar Sin, wadda a yau ta fi kowace ƙasa noman sa.

Me ya sa kwaɗi ke zaɓar ruwan da zai ƙafe, ga tafki mai ruwa shekara-shekara?

Saboda ƙafewar ita ce garkuwarsu. Tafkin da ba ya bushewa kifi ne ke mulkinsa, kifi kuwa ba ya barin ƙwan kwaɗo ko ɗansa. Kududdufin da ke bushewa duk shekara yana kashe kifin da ya shigo, ya rage manyan ƙwarin ruwa masu farauta. Idan ruwan farko ya sauka, kwaɗo ya iske wuri sabo, ɗumi, cike da gansakuka da ƙananan halittun da 'ya'yansa za su ci, kuma babu mai cin su sosai. Abin da ya rage masa tsere ne da rana: ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗa ya girma, ya fitar da ƙafafu, wutsiya ta shanye, ya fito tudu kafin ruwa ya ƙare.

Gandun Donyana da ke kudu maso yammacin Sifaniya shi ne misalin da aka fi nazari. A shekara mai ruwa yana da kududdufai sama da 3,000 a cikin yashi, kuma nau'o'in kwaɗi da danginsu 11 ne ke zaune a wurin. Tarayyar Turai ta sanya irin waɗannan kududdufai cikin wuraren da ake ba fifikon kariya tun dokarta ta 1992.

To in kududdufi yana ƙafewa, yaya kirefish yake rayuwa a ciki?

Nan ne gizo ke saƙar. Ya zo da dabaru biyu da yawancin kifin Turai ba su da su.

Ta farko irin ta gaiwa ce. Idan ruwa ya fara janyewa sai ya haƙa rami a laka, wani lokaci ya wuce mita ɗaya, har ya taɓo danshi. Ya toshe bakin ramin da curin taɓo, ya zauna ciki watanni. Mata da yawa a ramin suke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin ciki, ɗari da wani abu ga ƙarama, ɗari biyar ko fiye ga babba. Da ruwa ya dawo sai uwa ta fito da 'ya'ya a maƙale a jikinta. Ma'ana, ranar da kwaɗo ya zo zuba ƙwai, mai cin ƙwan ya riga shi isowa.

Ta biyu irin ta tarwaɗa ce. A daren da aka yi ruwa ko raɓa ta sauka sosai, yana fita ya yi tafiya a tudu. Muddin matatar numfashinsa na da laima, zai iya ɗaukar sa'o'i a waje. Ko da fari ya kashe na cikin wani kududdufi, wasu za su tako daga magudanar ban ruwa ko madatsar da ke kusa.

Abubuwa uku ne ke nuna ko kududdufi zai faɗa hannunsa. Nisansa da ruwan dindindin, domin na kusa shi ake fara shiga. Tsawon lokacin da yake riƙe ruwa, domin wanda ke ƙafewa cikin wata biyu ba ya ba shi damar kafuwa. Sai irin ƙasar: yumɓu da laka suna riƙe rami, zallar yashi kuwa rushewa yake yi.

Wace irin ɓarna yake yi takamaimai?

Ba iri ɗaya ba ce, kuma cin da ake gani da ido ba lallai ne ya fi muni ba.

Ƙwai shi ne abu mafi sauƙi gare shi. Ba ya gudu, ba ya ɓuya. Kwaɗon da ake kira Epidalea calamita yana shimfiɗa ƙwansa kamar dogon zare a ruwa marar zurfi, a ƙasa, daidai hanyar da kirefish ke bi da dare yana lalube. Yauƙin da ke lulluɓe ƙwan yana hana wasu ƙwari, amma awartaki yaga shi yake yi.

'Ya'yan kwaɗi sabbin ƙyanƙyasa sukan yi kwanaki a manne da ciyawa ba sa iyo sosai, a nan ake kwashe su. Waɗanda suka girma sukan kuɓuce, amma da guntuwar wutsiya. Ɗan kwaɗo mai yankakkiyar wutsiya ba ya sauri, girmansa yana ja baya, wani maharbin ya ƙarasa shi. Ƙananan kirefish sun fi manya son nama, saboda haka kududdufin da ke cike da ƙanana ya fi haɗari, ko da ba a ga babba ko ɗaya ba.

Sai ciyayin ruwa. Kirefish yana ci, amma abin da yake yankewa ya yar ya fi wanda yake ci. Yana datse tsiro daga tushe, ya taso ya ruɓe. Wannan ya fi shafar niyut, wato dangin kwaɗo masu wutsiya da ke kama da ƙadangare amma fatarsu laushi ce. Macen niyut irin Triturus pygmaeus ɗaya-ɗaya take ajiye ƙwanta, kowanne ta naɗe shi cikin ganye da ƙafafunta na baya. In babu ganye, babu wurin ajiye ƙwai, babu kuma maɓoyar 'ya'ya.

Daga nan ruwa ya dagule. Tonon da yake yi a ƙasa yana tayar da laka, haske ya daina isa ƙasa, irin ciyayin da ke kwance ya kasa tsirowa. Sinadaran da lakar ta saki su ciyar da gansakuka mai yawo a ruwa, kududdufin da ake ganin ƙasansa ya koma kamar kunun kanwa. Da wuya wurin da ya kai wannan mataki ya koma yadda yake da kansa. Katantanwa da tsutsotsin ƙwari da 'ya'yan niyut ke ci su ma sun tafi.

Duk nau'o'in ne ke shan wahala daidai?

A'a. Binciken da aka yi a kudu maso yammacin Fotugal da Sifaniya ya nuna masu wutsiya, wato niyut da salamanda, su ne suka fi ɓacewa daga wuraren da kirefish ya shiga. 'Ya'yansu a ƙasan ruwa suke zama, ba su da sauri, kuma suna daɗewa kafin su fito tudu. Kwaɗon Pelobates cultripes, mai haƙa rami da dunduniya, shi ma yana cikin sahun gaba. 'Ya'yansa manya ne, sukan kai santimita 10, kuma suna buƙatar wata uku zuwa huɗu ko fiye a ruwa. Dole ya nemi kududdufi mai daɗewa, irin wanda kirefish ya fi so.

Masu ɗan sauƙi su ne waɗanda ke gamawa da wuri. 'Ya'yan Epidalea calamita na iya fitowa tudu cikin wata ɗaya zuwa mako shida, saboda haka yana iya amfani da ɗan ruwan da ya taru a kwari wanda kirefish ba zai zauna ciki ba. Kwaɗon Alytes kuma namijin ne ke naɗe ƙwai a ƙafafunsa na baya yana yawo da shi a tudu har lokacin ƙyanƙyasa, ƙwan ya tsira ke nan, ko da yake 'ya'yan sai sun shiga ruwa.

Dafi ma ba tabbas ba ne. Niyut ɗin Kalifoniya, Taricha torosa, yana da dafi mai ƙarfi a fatarsa da ƙwansa, irin na kifin nan mai kumbura. Duk da haka a koramun tsaunukan Santa Monika an tabbatar tun 1996 cewa jan kirefish yana cin ƙwansa da 'ya'yansa. A can sai shekarar da ambaliya ta share kirefish daga korama ne niyut ke samun hayayyafa mai kyau.

'Ya'yan kwaɗi ba sa gane maƙiyi su gudu?

Suna ganewa, amma wanda kakanninsu suka sani. Ɗan kwaɗo yana jin ƙamshin maharbi a cikin ruwa. Idan ya ji na tsutsar mazari, wadda ita ce tsohuwar abokiyar gabarsa, sai ya rage motsi, kuma yayin da yake girma wutsiyarsa ta ƙara faɗi, ta yadda cizo zai sauka a kanta maimakon ciki. A gwajin da aka wallafa a 2011 kan 'ya'yan kwaɗon Pelophylax perezi na Donyana, sun yi wannan shiri da suka ji tsutsar mazari, amma ƙamshin kirefish bai sa su yi komai ba. Baƙo ne, jikinsu bai san shi ba.

Akwai ɗan haske a nan. An nuna cewa 'ya'yan Pelobates na iya koyo: idan ƙamshin kirefish ya zo tare da ƙamshin ɗan'uwansu da aka ji wa rauni, sukan haɗa biyun, daga baya su yi hattara, kuma waɗanda suka koya sun fi tsira. A Lombardiya ta arewacin Italiya kuma an ga 'ya'yan kwaɗon Rana latastei daga wuraren da kirefish ya mamaye suna gama girma da sauri fiye da na wuraren da bai kai ba. Sai dai kada a ɗora wa wannan nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwai ba ya koyo, kuma ɗan da ya yi gaggawar fitowa yakan fito ƙarami, ƙarami kuwa ba kasafai yake kai shekara ba.

Akwai wurin da aka auna asarar da alƙaluma?

Akwai. Tafkin Cosas da ke lardin Leyon a arewa maso yammacin Sifaniya ƙarami ne marar zurfi, ruwansa garau, cike da ciyayi, kafin kirefish ya shiga a ƙarshen shekarun 1990. Bayan 'yan shekaru aka sake aunawa: ciyayin ruwa sun ragu da kashi 99 cikin ɗari, ire-iren ƙananan halittun ruwa da kashi 71, nau'o'in kwaɗi da danginsu da kashi 83, na tsuntsayen ruwa da kashi 52.

A fadamar Paul do Boquilobo ta tsakiyar Fotugal an ƙirga kwaɗi a farkon shekarun 1990, daidai lokacin da kirefish ke shigowa. Da aka koma bayan kimanin shekara takwas, kusan rabin nau'o'in ba a same su ba, waɗanda a da suka fi yawa kuma sun zama sai an sha wuya a gani.

Amma ana jin kukan kwaɗi da dare a wurin. Ba alamar lafiya ba ce?

Wannan ne kuskuren da ya fi yaudarar mutane. Babban kwaɗo yana iya shekaru da yawa a raye, kuma kowace shekara zai koma kududdufin da ya sani ya yi kuka, ya zuba ƙwai, ko da babu ɗa ɗaya da zai fito. A Lombardiya an ga haka ƙarara: manya suna ci gaba da zuwa wuraren da kirefish yake, amma yawan 'ya'yan ya faɗi. Wasu lokutan ma kwaɗi daga kududdufai masu lafiya na kusa ne ke cike gurbin, wurin ya zama rijiyar da ke shanye zuriyar maƙwabta. Ƙidayar da za a dogara da ita ita ce ta 'ya'yan da suka kusa fitowa tudu, ba ta masu kuka ba.

Yana ɗauke da cuta?

Yana ɗauke da annobar kirefish, wata ƙwayar cuta mai suna Aphanomyces astaci wadda shi ba ta cika kashe shi ba amma tana share kirefish na asalin Turai. Game da kwaɗi kuma, wani bincike na 2013 ya nuna kirefish na iya riƙe naman gwarin nan Batrachochytrium dendrobatidis, wanda ya hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, a cikin hanjinsa, har ya kai ga 'ya'yan kwaɗi. Shi ya sa takalmin roba da koma da tarko da aka yi aiki da su a wani ruwa ba a kai su wani sai an kankare lakar, an jiƙa su a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na Virkon mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari ko ruwan bilic, an ɗauraye nesa da kududdufi, an shanya su sun bushe sarai na aƙalla kwana biyu.

Yaya ake gane ya shiga kududdufi tun bai yi yawa ba?

A fara da gaɓa. Ana neman ramuka masu faɗin yatsu biyu ko uku, wasu da tulin curin laka a baki, da ɓawon da ya saɓule, da guntayen awartaki a kashin tsuntsaye ko na karen ruwa. Yankakkun ciyayi da ke yawo a saman ruwa su ma shaida ne.

Sa'a ɗaya ko biyu bayan faɗuwar rana a zaga da tocila mai ƙarfi, a haska ƙasan ruwa a hankali. Idanunsa suna ƙyalli. Da rana a ja koma mai ƙananan idanu ta cikin ciyayi da saman laka, domin ƙanana ba sa shiga tarko.

Tarkon da ake amfani da shi mai baki kamar mazurari ne, irin tsarin gura. A sa ɗan kifi mai mai ko hanta a cikin gwangwani mai huji, a jera tarkunan kamar taku goma-goma a gefen ruwa da yamma, a duba da sassafe. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: a bar saman tarkon a waje da ruwa, ko a saka robar ruwa marar komai a ciki ta ɗaga shi. Niyut da manyan kwaɗi da kunkuru suna shiga, kuma in ba su samu iska ba kafin safiya sun mutu. Idan ruwa ya yi sanyi sosai kirefish ba ya motsi, tarko marar komai a tsakiyar hunturu ba ya nufin babu shi.

Ana kuma tace ruwan a nemi burbushin ƙwayoyin halittarsa a ɗakin gwaji. Hanyar na da amfani, amma takan kuskure idan dabbar ba ta da yawa, saboda mai ɓawo ba ya zubar da yauƙi kamar kifi.

Tarko zai iya ƙarar da shi?

Ragewa yake yi, ba ƙarewa ba. Tarko mai abinci ya fi kama manyan maza, su ne masu ƙarfin hali. Mata masu ƙwai suna rami, ƙanana suna tsoron shiga inda babba yake. Manyan nan kuwa su ne ke cin ƙananan. In an kwashe su, ƙanana su samu fili da abinci, su balaga cikin wata uku zuwa biyar. Wanda ya yi kamun wata biyu ya daina, yakan dawo baɗi ya tarar da adadi ya fi na da.

Inda kamu ke da amfani shi ne ƙaramin kududdufi keɓaɓɓe, a fara makonni kafin lokacin zuba ƙwai, a ci gaba har 'ya'ya su fito, a maimaita kowace shekara. A haɗa da guntayen bututun roba da aka ɗaure wuri ɗaya aka toshe gefe guda, babu abinci a ciki. Mata da ƙanana suna shiga neman maɓoya, kuma niyut ba ya maƙalewa. Duk abin da aka kama a kashe shi a wurin ko a daskarar da shi. Mace ɗaya mai ƙwai da ta faɗo daga buhu a hanya ta isa ta buɗe sabon wuri.

To a zuke ruwan, ko a sa magani, ko a zuba kifin da zai cinye shi?

Zuke ruwa na mako biyu ko uku ba ya yin komai, rami zai shiga, wasu kuma su taka zuwa kududdufin maƙwabta, an gudu ba a tsira ba. In za a yi, sai bayan 'ya'yan kwaɗi sun fito, a kewaye wurin da shinge mai santsi, a tsince masu fita da dare, a bar ƙasa ta bushe watanni har ta tsattsage.

An yi amfani da maganin ƙwari na furen fairetiram a wasu ƙananan tafkunan Sukotlan kan wani kirefish ɗin Amurka daban. Yana kashewa, amma yana tafiya da kifi da duk ƙwarin ruwa, ba ya isa ƙasan kowane rami, kuma sai da izinin hukuma. A Italiya an gwada kama maza, a haska su da hasken eksire don su zama juya, a sake su. Yawan 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a gwaji, amma tsada da wahalar aikin sun hana shi yaɗuwa.

Zuba kifi a kududdufin kwaɗi kuwa maganin da ya fi cutar muni ne. Sifaniya ta riga ta ɗanɗana da ɗan kifin Gambusia da aka shigo da shi a 1921 don cin tsutsar sauro, wanda yanzu shi ma yake cin 'ya'yan niyut.

Mai son haƙa sabon kududdufi saboda kwaɗi, me zai kiyaye?

Ruwan sama kaɗai ya cika shi. Kada a jawo masa ruwa daga kogi ko magudanar ban ruwa, ko da sau ɗaya ne a shekarar fari. A nisanta shi da ruwan dindindin gwargwadon yadda fili ya bari. Ƙanana da yawa masu zurfi daban-daban, daga santimita 20 zuwa kamar 80, sun fi babba guda ɗaya: wani zai dace da mai saurin girma, wani da mai jinkiri, kuma in ɗaya ya kamu saura na nan. Gaɓa ta zama mai gangara a hankali. Inda ƙasa yumɓu ce, shimfiɗar roba mai kauri da aka rufe da tsakuwa da yashi tana hana haƙa rami. Bututun zubar da ruwa a wuri mafi zurfi yana ba da damar busar da shi duk shekara a ƙarshen zafi.

Shinge na faranti mai santsi, tsayin kamar rabin mita, gindinsa a binne, samansa a lanƙwashe waje, yana tare kirefish. Amma yana tare niyut da kwaɗin ƙasa su ma. Saboda haka a gefen da haɗarin ke fitowa ake kafa shi, tsakanin magudana da kududdufi, ba a zagaye ruwan gaba ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya shi ne ƙara wa kududdufi zurfi don kada ya ƙafe, ko don dabbobi su sha. Ruwan da ya kwana shekara ya zama masaukin kirefish, daga nan ya riƙa bazuwa zuwa na kewaye duk damina.

Ke nan fari taimakon kwaɗi yake yi?

Har zuwa wani matsayi. A Donyana ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja baya saboda rijiyoyin gonakin sitiroberi da na garin shaƙatawa na Matalaskanyas, ga ƙarancin ruwan sama. Santa Olaya, tafki mafi girma a cikin gandun wanda ba kasafai yake ƙafewa ba, ya bushe a 2022, ya sake bushewa a 2023. Kududdufai da dama yanzu ba sa riƙe ruwa tsawon da ɗan Pelobates ko ɗan niyut ke buƙata. Masu daɗewar da suka rage kuma su ne kirefish ya fi samun wurin zama. Gaba kura, baya siyaki.

Babu wanda ya amfana da zuwansa?

Da yawa ma. Karen ruwa ya samu abinci, haka zalɓe da balbela da sauran tsuntsayen fadamar Gwadalkibir, wasunsu sun ƙaru sosai. Farar shamuwar Turai, wadda bisa al'ada ke tsallako Sahara ta yi hunturu a yankin Sahel, da yawanta yanzu suna zama kudancin Sifaniya, inda juji da kirefish na gonakin shinkafa ke ciyar da su.

Garin Isla Mayor kusa da Sebiya kuwa da shi yake ci. Masana'antunsa suna sarrafa tan dubu uku ko fiye a shekara, yawanci don fitarwa waje. Da Kotun Ƙolin Sifaniya ta yanke hukunci a Maris 2016 wanda ya hana cinikinsa, mutanen garin suka fito zanga-zanga, a 2018 majalisa ta gyara dokar. A 2016 ɗin dai Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin baƙin halittun da aka hana shigowa da su da kiwonsu da sakinsu. Japan ta bi tata hanyar daga Yuni 2023: yaro na iya riƙe wanda ya kama a gida, amma sayarwa ko sakinsa a ruwa laifi ne.

An ce yana cin katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Me zai hana a zuba shi a kududdufanmu?

Gaskiya ne yana ci. An kai shi Kenya a shekarun 1960, aka zuba shi a tafkin Naibasha a 1970, kuma gwajin da aka yi a wasu ƙananan madatsun ƙasar ya nuna katantanwa ta ragu inda ya kafu. Amma a Naibasha ɗin bado da ciyayin ƙarƙashin ruwa sun lalace, yana kuma ɓata kifin da ya faɗa kalli kafin masunci ya iso. A Masar, inda ya shiga kogin Nilu a farkon shekarun 1980, ana kuka da shi kan yaga taru da huda gaɓar magudanan ruwa.

Kududdufan damina na ƙasar Hausa irin wurin da zai so ne: ɗumi, laka mai riƙe rami, ga magudanan ban ruwa irin na Kadawa da Bakolori, ga fadamun Haɗejiya da Nguru da za su zame masa hanya. Bududdugi da sauran kwaɗin Sahel su ma a ruwan da ke ƙafewa suke zuba ƙwai, manomin shinkafa kuma shi zai kwana yana toshe hujin da ke zurar da ruwan gonarsa. Garin neman gira za a rasa ido.

Akwai misali daga Senegal da ya fi dacewa a duba. Bayan an gama madatsar Diyama a 1986, babban jatan landen kogi na asalin yankin, Macrobrachium vollenhovenii, ya kasa hawowa daga bakin teku, katantanwa ta yi yawa, cutar ta bazu. Da aka mayar da shi wani mashigin ruwa a ƙauyen Lamsar a wani gwaji da aka wallafa a 2015, katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu, sake kamuwar mutane ma ta ragu. Shi ɗan gida ne, kuma 'ya'yansa sai da ruwa mai ɗan gishiri suke girma, saboda haka ba zai iya cika kududdufin tudu da zuriyarsa ba.